Wankan Ganye: Ɗumi A Ke Nema, Ba Ƙuna Ba

'Yan'uwana mata na Ngaski da Wara da Libata da Birnin Yauri, da na Yelwa da Shanga, da dukan mazauna bakin tafkin Kainji. Ina gajiya? To, yau ma a kan gajiyar nan za mu yi magana.

Ke uwargida, tsaya ki lissafa abin da jikinki ya yi tun asuba. Kin ɗebo ruwa, kin share tsakar gida, kin dama koko, kin sallami yara makaranta. In maigidanki masunci ne, kin wuni gindin banda hayaƙi yana cika miki ido. In manomi ne, kin turara shinkafa kin shanya, ko kuwa kin duƙa kina gyaran albasa har bayanki ya ƙage. Da magariba ta yi sai ki faɗa makewayi ki watsa ruwa moɗa uku a gaggauce, don jariri yana kuka. Kowa a gidan ya sami rabonsa na hidimarki, ban da jikin da ya yi hidimar. Ke ma 'yar makaranta, kin taka zuwa aji kin komo, kin ɗora tukunya, kin yi wanke-wanke, ƙafarki duk ta yi kaushi.

Kakanninmu sun san abin da a ke yi wa irin wannan jiki, watau wankan ganye. Ba ya cin kuɗi, ba sai an je kanti ba, kayansa suna nan a ƙofar gidanki. Amma akwai magana guda da na ke so ki riƙe tun daga nan. Amfanin wankan nan yana cikin ɗumi da tsabta da hutawa. Ruwan da ya ke sa mutum ya yi tsalle, ko fatarsa ta yi jawur, bai ƙara wa ganyen ƙarfi ko kaɗan ba, sai dai ya jawo wahala. Za ki ga dalili nan gaba, musamman in mun zo kan maganar mai jego.

Ganyen da za ki nema

Na farko shi ne dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, waɗansu kuma maina ko bedi. Ko kin san baƙo ne a ƙasarmu? Asalinsa daga wajen Indiya ya ke, a 1928 aka kawo shi ƙasar Barno, yau ga shi babu garin da ba ya ba mutane inuwa. Ganyensa yana da ɗaci ƙwarai, mata kuwa sun daɗe suna wanka da shi saboda ƙaiƙayi da ƙurajen zufa na lokacin bazara.

Na biyu ganyen tsamiya, wanda tsofaffi ke so don wankan gajiya. Na uku ganyen lemun tsami. Murza ɗaya a tafin hannunki ki shinshina, za ki gane abin da ya sa na ke ba masu bandar kifi shawararsa, domin ƙanshinsa yana kore ƙarnin kifi da warin hayaƙi. Akwai kuma ɗoɗɗoya, wadda ke tsirowa a bayan ɗaki. In kina son ƙanshi mai daɗewa, ki nemi saiwar jema ko kajiji wurin 'yan koli ranar kasuwa, ki ɗan daddaka su kafin ki zuba.

Ba sai kin haɗa su duka ba. Iri biyu ko uku sun isa. Abin da zai cika tafin hannunki biyu na dogon yaro ko tsamiya, da rabin haka na mai ƙanshi, ya ishi bokiti guda.

Amma fa ki lura da inda ki ke tsinka. Kada ki ɗebi ganye a gefen gonar albasa ko ta shinkafa da aka yi wa feshi, don maganin ƙwari yana manne wa ganye, fata kuwa tana shan sa. Kada ki ɗebi na bakin juji ko na gefen titi mai ƙura. Waɗansu itatuwa kuma ba a kusantar da su da ruwan wanka ko kusa: tumfafiya da tinya, waɗanda farin ruwansu ke ƙona fata ya lalata ido, da cini-da-zugu, da zaƙami mai juya hankali. Ganyen da ba ki san sunansa ba, ki bar shi a kan uwarsa.

Ruwan da za ki ɗora

Wannan magana ta fi shafarmu, mu mutanen bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara ya kwanta ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130, aka ta da mutum sama da 40,000 daga tsibirai da garuruwan bakin kogi aka sake musu mazauni. Tafkin ya ba mu kifi, ya ba mu noman rani, amma ruwa mai kwanciya gidan waɗansu ƙananan katantanwa ne, su kuwa su ne ke rainon tsutsar tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini. Tsutsar ba ta ganuwa da ido, ba kuma sai an sha ruwan ba. Ta fata ta ke shiga, lokacin wanka ko wanki ko iyo.

Saboda haka in ruwan tafki ko na fadama za ki yi wanka da shi, ɗayan biyu ne. Ko ki tafasa shi duka ya huce, ko ki ɗebo ki ajiye a randa ko jarka a rufe har kwana 2, domin tsutsar ba ta wuce haka da rai in ba ta sami jikin mutum ba. Kuskuren da a kan yi shi ne a tafasa ganye da kyau, sa'an nan a sirka da ɗanyen ruwan da aka ɗebo yanzu daga bakin tafki. An gudu ke nan ba a tsira ba. Ruwan rijiyar burtsatse ko na rufaffiyar rijiya ya fi, in kina da shi kusa.

Yadda a ke haɗawa

Ki wanke ganyen sau biyu, ki tsince tsutsa da yanar gizo. Ki zuba a tukunya mai tsabta da ruwa kamar lita 4 ko 5, ki rufe, ya tafasa minti 10 zuwa 15. Za ki ga ruwan ya sake launi, ƙanshi ya cika madafa. Mai ƙanshi kamar lemun tsami da ɗoɗɗoya kada ki sa shi tun farko, ki bari sai kin kusa saukewa, in ba haka ba ƙanshin ya bi tururi ya tafi. In kin sauke ki bar tukunyar a rufe kamar minti 10, sa'an nan ki tace da rariya ko farin ƙyalle mai tsabta.

Yanzu sai sirkawa, a nan kuwa aikin ya ke. Ki fara zuba ruwan sanyi a cikin bahon, daga baya ki riƙa tsiyaya na ganyen a kai kina motsawa. Kada ki fara da na zafi. Yaro mai rarrafe ba ya sallama, kafin ki juya ki ɗauko na sanyi ya riga ya tsoma hannu. Tukunyar ma kada ki ajiye ta a ƙasa inda yara ke wasa, kada kuma ki ɗauke ta da goyo a bayanki.

Zafin jikin mutum digiri 37 ne a ma'aunin zafi, ruwan wanka mai kyau kuwa bai kamata ya wuce haka da yawa ba. Ruwan da ya kai digiri 60, wanda bai ma yi kusa da tafasa ba, yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar jariri kuwa ta fi saurin ƙonewa. Na san ba ki da ma'auni a gida, amma Allah ya ba ki naki. Ki tsoma gwiwar hannunki, ba yatsu ba, domin hannun mai girki ya saba da wuta, ba ya faɗin gaskiya. In kin iya barin gwiwar a ciki kina ƙirga 20 ba tare da kin ji kamar ki janye ba, ruwa ya yi. In kin janye, ƙara na sanyi.

In fatarki mai saurin ƙaiƙayi ce, ki shafa ruwan kaɗan a cikin damtsenki tun da rana. In wurin ya yi ja ko ya tashi, wannan ganyen ba naki ba ne.

Jin daɗin wankan

Ki zaɓi lokacin da ba mai kiranki. Bayan sallar isha'i ya fi, yara sun ci sun kwanta. Ki fara wanke jikinki da soso da sabulun salo da ruwan banza, ki ɗauraye. Ruwan ganye ba na cuɗa ba ne, na jiƙa jiki ne, in ya haɗu da kumfa da dauɗa ya ɓaci.

In kina da babban baho, ki zauna a ciki, ki riƙa ɗiba da ƙoƙo kina zubawa a kafaɗa da wuya da gadon baya a hankali. In babu, ki zauna a kujera 'yar tsugunno, ki tsoma ƙafafunki a roba, ki jiƙa ƙaramin tawul ki riƙa dannawa a ƙugu da gwiwoyi da duk inda ke miki ciwo. Kada ki yi sauri. Ki lumshe ido ki shaƙi ƙanshin. Ɗumi yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, naman jiki da ya ɗaure ya saki, shi ya sa barcin da ke biyo bayan irin wannan wanka ya ke da daɗi. Minti 15 zuwa 20 ya isa. In kin wuce haka fata ta kan yi yaushi ta bushe.

Kafin ki fito ki goge dugaduganki da dutsen kaushi, yanzu da suka yi laushi. Ki tashi sannu, kada ki zabura, don jiri ya kan ɗebi mutum bayan ruwan ɗumi. Ki tsane jiki, ki shafa man kaɗe tun fata tana da ɗan danshi. Mu da kaɗanya ta cika dajinmu ba mu da hujjar yawo da faso a lokacin hunturu. Ki sha ruwa kofi guda, ki shiga gidan sauro. Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Ragowar ruwan a zubar, kada a ajiye don gobe, kada kuma mutum biyu su shiga ruwa ɗaya.

Maganar mai jego

To, ga inda na ce za mu zo. Kowa ya san wankan jego: kwana 40, safe da yamma, a tafasa babbar tukunya, a tsoma reshen dogon yaro ko na tsamiya ko runhu a riƙa fyaɗa wa mai jego, a bi ta da kunun kanwa, a waɗansu gidaje har a kwantar da ita a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Iyayenmu da ƙauna su ke yi. Suna tsoron sanyi ya shige ta, suna so ta warke ta yi ƙarfi. Cikin al'adar nan akwai alheri babba, gama mai jego tana samun hutu, da tsabta, da abinci mai kyau, da 'yan'uwa kewaye da ita. Wannan kada mu yar.

Abin da na ke roƙo a rage shi ne zafin. Na ga wata 'yar'uwata da idona a haihuwarta ta fari. Da ta ji an ɗora tukunya sai hawaye su zubo mata. A kwana na biyar cinyarta ta saɓule, ta ɓoye don kada a ce ta cika raki, har wurin ya ruru ya yi ruwa. Ta fi wata guda tana jinyar ƙuna, ga jariri a hannu. Wankan da aka yi don ta warke, shi ya kwantar da ita.

Ban da ƙuna akwai jiri. Mace ta zubar da jini wajen haihuwa, in aka ƙara mata zafi mai tsanani jini ya kan taru a fata ya rage zuwa kai, sai ta yanke jiki ta faɗi, wani lokaci a kan tukunyar ma.

Akwai kuma maganar zuciya. Likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 waɗanda zuciyarsu ta kasa a lokacin jego, suka buga abin da suka gani a 1978. Sun yi zargin cewa yawan kanwa da tsananin zafi suna da hannu a ciki, domin kanwa tana da gishiri mai yawa, gishiri kuwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana sa zuciya ta ƙara gudu. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka yi wani bincike a asibitoci da dama na Nijeriya, aka buga a 2020. Su ba su ɗora laifin a kan wanka da kunu ba, sun fi ganinsa ga rama da hawan jini na lokacin ciki. Abin da bangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne, wannan ciwo ya yi yawa a ƙasashenmu na arewa maso yamma. Zuciyar da ta riga ta raunana kuwa, ko wadda ke fama da hawan jini, ba a ƙara mata kaya da gishiri da wuta.

Don haka ki san alamunsa. In mai jego ta fara haki daga ɗan motsi kaɗan, ƙafafunta suka kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko tana jin zuciyarta tana dukan uku-uku, kada a ce sanyi ne a ƙara wuta. A dakatar da kanwa, a kai ta asibitin da ya fi kusa a ranar, ko Wara ko babban asibitin Yelwa. Haka nan in ta yi zazzaɓi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ya yi wari, ko ciwon kai mai tsanani ya kama ta.

Wadda aka yi wa aiki aka ciro jaririn, ko aka yi wa ɗinki, kada ta zauna cikin ruwan ganye ko na bagaruwa sai ma'aikaciyar asibiti ta duba ta yarda. Jariri kuwa ba ruwansa da ganye. A bar shi ya cika awa 24 kafin wankan farko, sa'an nan ruwa mai ɗumi kaɗan, kada kuma a ɗura masa ruwan dogon yaro ko ɗigo ɗaya.

Yadda za ki gaya wa manya

Na san abin da ke ranki. Kina cewa, ni da aka kai ni gida wankan jego, yaya zan yi in gaya wa Inna ko Goggo ruwansu ya yi zafi? Gaskiya ne, ba a koya wa babba da gatsali. Kada ki ce musu al'adar banza ce, don ba banza ba ce, kuma daga ranar ba za su ƙara sauraronki ba. Ki rusuna ki ce, "Inna, don Allah a ɗan sirka mini, jiri na ke ji." Ko ki ce, "Goggo, malamar asibiti ta ce jinina ya hau, ta hana ni kanwa da ruwa mai zafi sosai." Uwa ba ta son abin da zai taɓa 'yarta, in ta gane dalili ita za ta fara miƙa hannu ga tulun sanyi. Gara ma a yi maganar tun ciki yana wata bakwai, a tafi awo tare da ita ta ji da kunnenta. Maigida kuma, da ya ke shi ke sayen itacen jego, ba zai ƙi jin cewa rabin itacen ya isa ba.

Ku 'yan makaranta, ga aikinku. Ku karanta wa iyayenku da yayyenku wannan shafi da ladabi. In ana wankan jego a gidanku, ku ne masu ɗebo ruwan sirki, ku ne masu janye ƙanne daga bakin murhu.

Abin da ganye ba ya yi

Kada mu ɗora wa ganye abin da ya fi ƙarfinsa. Wankan dogon yaro ko surace ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar tana cikin jini. Mai zazzaɓi a gwada jininsa a ba shi magani, in yaro ne kada a kwana. Ƙazwa da makero suna da nasu maganin shafawa. Fitsarin jini yana da ƙwayarsa, ana kiranta praziquantel. Mai ciki ta tsaya ga ruwa mai ɗumi kaɗan. Mai ciwon sukari ta sa wani ya gwada mata ruwan, don ƙafarta ba ta cika jin zafi ba. Mai farfaɗiya kada ta zauna cikin baho ita kaɗai. In kuwa tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har minti 20, ban da manja, ban da ƙwai, ban da toka, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti.

To, 'yar'uwa, yau da la'asar ki aiki yaro ya karyo miki reshen dogon yaro, ke kuma ki tsinko ganyen lemun tsami. In gida ya yi tsit ki ɗora tukunyarki, ki sirka, ki gwada da gwiwar hannu, ki ba jikin nan minti 20 nasa na kansa. Lafiya uwar jiki ce, in kuwa kunne ya ji, jiki ya tsira.